Hoton Ƙirji: Yadda Ake Tsayar da Majiyyaci da Yadda Ake Gane Hoton da Ya Ɓaci

Likitan da ya ɗaga hoton ƙirji yana dubawa ba ya cikin ɗaki lokacin da aka ɗauke shi. Bai san ko majiyyacin ya karkace ba, bai san ko ya ja numfashi ko bai ja ba, bai san ko kitso ne ya sauko a kan kafaɗa ba. Abin da ka miƙa masa shi zai karanta, a kansa kuma zai rubuta magani. Shi ya sa nake faɗa wa duk ɗalibin da aka turo ɗakinmu na eksire cewa aikin hoton ƙirji yana ƙarewa ne kafin yatsa ya taɓa maɓalli. Yawancin hotunan da ke ɓaci, a wajen tsayar da mutum da yi masa bayani suke ɓaci, sannan a zo ana zagin inji.

Babu hoton da aka fi ɗauka a sashen eksire kamar na ƙirji, kuma yawan ɗaukarsa ne ya sa aka raina shi. Ga shi Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, cutar da ta fi son kama can saman huhu, daidai wurin da hannun gaggawa ya fi yankewa ko ya rufe da haɓa. Don haka bari mu bi aikin daki-daki.

Kafin ya tsaya gaban allo

Fara da takardar likita. Karanta abin da ake nema, domin wanda ake zargin ruwa ya taru masa a ƙirji da wanda ake zargin hanjinsa ya huje ba shiri ɗaya ake musu ba. Na biyun sai ya zauna a miƙe kamar minti 10 kafin ɗauka, don iskar da ta fita daga hanji ta samu ta taso ƙarƙashin shamakin da ya raba ƙirji da ciki, inda za a gan ta. Kada ka kira suna ka ce "kai ne?" Marar lafiyar da ya gaji da jira zai amsa kowane suna. Ce masa ya faɗi sunansa da bakinsa, ka gwada da lambar kati. A layi ɗaya sai ka sami mutum uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya.

Mace mai shekarun haihuwa, a tambaye ta ko tana da juna biyu da lokacin da ta ga al'ada ta ƙarshe, a keɓe, cikin sassauta murya, ba a gaban surukarta ko mutanen layi ba. Radiyeshan ɗin hoton ƙirji kaɗan ne, kimanin 0.02 mSv a ma'aunin radiyeshan, wato kamar abin da jiki ke samu daga ƙasa da sararin sama cikin kwana uku, kuma abin da ke isa mahaifa bai kai ko kusa da haka ba. Duk da haka a tambaya, a rubuta, in tana da ciki likitan da ya turo ta ya sani.

Sai maganar tufafi, inda nake so a ɗan tsaya. Daga wuya zuwa ƙugu komai zai fita, a sa rigar asibiti. Sarƙar wuya, fil ɗin hijabi, ƙarfen rigar mama, maɓalli, carbi ko kuɗin tsaba a aljihun gaba, duk suna fitowa fes. Waɗannan ma da sauƙi, kowa ya gani ya san ƙarfe ne. Masu haɗarin su ne waɗanda ke yin inuwa mai laushi kamar ta cuta: aikin zare mai kauri a wuyan riga, laya da aka ɗinke da fata, jiƙaƙƙen gashi, da kitso ko ƙarin gashi da ya zubo a baya. Na taɓa ganin yarinyar da aka kusa ɗora wa maganin tarin fuka saboda tabo a saman huhu. Aka ɗaure kitson a ka, aka sake ɗauka, tabon ya ɓace. Wata shida na shan magani kullum ke nan aka kusa jawo mata.

Laya kuwa, mutum ba zai ce maka yana da ita ba sai ka san yadda ka tambaya. "Baba, in akwai wani abu a jiki, ko na tsari ne, a cire a ajiye nan gabanka, minti biyu ne ka mayar da abinka." Ban taɓa ganin dattijon da ya ƙi ba in an yi masa magana haka. Mace kuma a ba ta wurin sauya kaya mai labule, in da hali ma'aikaciya mace ta tsaya. Wadda take jin kunya za ta ƙanƙame jiki, kuma ƙanƙamammen jiki ba ya ba da hoto mai kyau.

Shirya inji

Gama saitin inji kafin ka tsayar da mutum, kada ka bar marar ƙarfi a tsaye kana juya maɓallai. Nisa daga kan inji zuwa allo santimita 180. Kaset, wato akwatin da ke karɓar hoton a cikin allo, mai santimita 35 da 43. A tsaye ga siririn mutum dogo, a kwance ga mai faɗin ƙirji, domin kada a yanke gefen huhu. In akwai girid, wato farantin da ke gaban kaset yana tare hasken eksire da ya watsu, kVp (ƙarfin ratsawa) tsakanin 110 da 125, mAs (yawan hasken) kaɗan, lokaci gajere iyakar abin da injin zai iya. In injin yana yanke haske da kansa, zaɓi ma'aunan gefe, na dama da na hagu, waɗanda ke bayan huhu. Wanda ya zaɓi na tsakiya ya auna ƙashin baya ne, huhun kuma zai ƙone.

Me ya sa ake sa mutum ya juya wa inji baya, ƙirjinsa a jikin allo, abin da muke kira PA? Saboda zuciya tana gaban ƙirji. Riƙe hannunka kusa da bango a gaban fitila, inuwarsa daidai girmansa take. Matso da shi wajen fitilar, sai inuwar ta kumbura. Ga lissafin: in zuciya tana santimita 5 daga allo, inji yana santimita 180, girman zai ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100. In aka kwantar da mutum aka ɗauka ta gaba, zuciyar tana santimita 15 daga kaset, inji yana santimita 100, ƙarin zai kai kusan kashi 18. Likita yana auna faɗin zuciya da faɗin ƙirji, in ta wuce rabi ya ce ta kumbura. Ka ga yadda nisa kawai zai iya ba lafiyayye ciwon zuciya a takarda.

Tsayuwa ita ma da dalilinta: ruwa yana sauka ƙasa ya kwanta da shaci, iska tana tasowa sama, shamakin ciki kuma yana samun sauka sosai.

Manna alamar darma, R ta dama ko L ta hagu, a saman kaset inda haske zai same ta amma ba a kan huhu ba. Yi haka kafin ɗauka. Alamar da aka ƙara daga baya a kwamfuta zato ce kawai, domin akwai mutanen da aka haifa zuciyarsu tana dama, kuma hoton da aka juya bisa kuskure kamanninsa ɗaya da nasu.

Tsayuwa

Ƙafafu a ɗan buɗe, nauyi daidai a kan kowacce. Daga ƙafa karkacewa take farawa: wanda ya jingina a ƙafa ɗaya ƙugunsa zai juya, ƙirji ya bi. Ƙirji ya taɓa allo. Ɗaga allon har bakinsa na sama ya wuce kafaɗu da kamar santimita 4 zuwa 5, faɗin yatsu uku. Ya ɗaga haɓa ya ɗora a saman allo, fuska tana kallon gaba sak.

Yanzu hannaye. Bayan tafin hannu a kan ƙugu, can ƙasa, don kada su shiga kusurwar huhu. Ya saki kafaɗu ƙasa, sannan ya tura su gaba tare da gwiwar hannu har su taɓa allo. Wannan ne ke janye allon kafaɗa daga kan huhu. Lura da cewa kafaɗa ce za ta tafi gaba. Da yawa suna tura gwiwar hannu kawai, allon kafaɗa yana nan inda yake. Tsohon da ba zai iya ba, ya rungumi allon, ya fi masa sauƙi kuma ba zai yi tangaɗi ba.

Koma bayansa ka duba daga sama: shin kafaɗun biyu nisansu ɗaya da allo? Ɗora tafin hannu biyu a gefen haƙarƙarinsa, bayan ka nemi izini, za ka ji karkatar da ido bai gani ba.

Tsakiyar haske a kan layin ƙashin baya, daidai ƙasan allon kafaɗa, wato ƙashin baya na bakwai na ƙirji. Kuskuren da aka fi yi shi ne saiti ƙasa da haka, sai a ɗauki rabin ciki a banza a yanke saman huhu. Matse fitilar saiti zuwa iyakar ƙirji: sama har gindin wuya, gefe har bakin fata, ƙasa har ƙarshen haƙarƙari. Hasken da ya wuce haka yana ƙara wa mutum radiyeshan, kuma yana watsuwa ya dawo ya dusashe hoton.

Numfashi

Gwada da shi sau ɗaya kafin ka koma bayan gilashi. Mutane da yawa in ka ce su ja numfashi sai su ɗaga kafaɗu har kunne, duk tsayuwar da ka gyara ta rushe. Nuna masa da jikinka. Wanda ba ya jin Hausa, a nemo mai yi masa tafinta ya koya masa, sannan ya fita.

A ja na biyu ake ɗauka, domin ya fi na farko cika huhu. Fara ɗana inji tukuna, sannan ka ce: "Hajiya, ja numfashi. Saki. Sake ja sosai, sosai. Riƙe, kada ki motsa." Idonka a kan bayanta, ba a kan maɓalli ba. Ka ga haƙarƙari ya buɗe ya tsaya, danna. Nan take ka ce ta saki. Kada ka manta da wannan kalmar, akwai masu biyayyar da za su ci gaba da riƙewa har jiri ya kwashe su.

Duba hoton kafin ka sallame shi

Kada majiyyaci ya sa kayansa sai ka duba. Wanda ya zo daga ƙauye da kuɗin mota na aro ba zai dawo gobe don kuskurenka ba.

Fara da suna, kwanan wata da alamar gefe. Sai iyaka: saman huhu biyu sun fito a bisa ƙasusuwan nan biyu da suka tashi daga gindin wuya zuwa kafaɗu? Kusurwoyin ƙasa biyu, inda haƙarƙari ya haɗu da shamakin ciki, sun fito? A nan ruwa ke fara taruwa, kuma sai ya kai kimanin mililita 200 kafin ya dushe kusurwar a hoton PA. In ka yanke ta, ka yanke shaidar farko.

Karkacewa ana gane ta ne daga kan waɗannan ƙasusuwan wuya na ciki. Nisan kowanne daga tsinin ƙashin baya da ke tsakiya ya zama ɗaya. In ɗaya ya fi nisa, mutum ya juya, kuma juyawa kaɗan ta isa ta sa huhu ɗaya ya fi ɗaya duhu, bututun iska ya yi kamar an ture shi gefe, zuciya ta sauya siffa.

Sai ƙirga haƙarƙari a gefen dama. Na baya, masu kwanciya kusan a miƙe, a sami 9 zuwa 10 a bisa shamakin ciki. In na gaba kake ƙirgawa, kamar 6. In bakwai na baya ka samu, huhun bai cika ba: jijiyoyin jini sun cunkushe a ƙasa kamar nimoniya, zuciya ta baje kamar ta kumbura. Amma tambayi kanka ko rashin fahimta ne ko rashin iyawa. Mai ruwa a ciki, mai tsohon ciki, ko wanda ciwo ya hana shi ja, ko sau goma ka sake abin da za ka samu ke nan. Rubuta a takarda cewa iyakar ƙoƙarinsa ke nan.

Ƙarfin haske: ya kamata ka hango ƙashin baya dishi-dishi ta cikin inuwar zuciya, da jijiyoyin huhun hagu a bayanta, kuma jijiyoyin su bi har kusa da gefen ƙirji. In zuciya ta yi fari fat kamar an shafa alli, hasken bai ratsa ba, kuma bayan zuciya maɓoyar cuta ce. In huhu ya yi baƙi ƙirin babu zanen jijiya, an ƙona shi. In bakin shamakin ciki da jijiyoyi sun yi hazo-hazo, motsi ne, rage lokaci.

Wajen gyara, a tuna aikin kowane maɓalli. kVp shi ne ƙarfin ratsawa, mAs shi ne yawan hasken. In hasken bai ratsa zuciya ba, ƙarin mAs ba zai yi magani ba. Ƙarin kVp da kashi 15 cikin 100 daidai yake da ninka mAs sau biyu, saboda haka ga mai rawar jiki za ka iya ɗaga kVp da kashi 15 ka rage mAs da rabi, lokaci ya gajarta. Nisa kuma, in ka ninka shi sau biyu hasken da ke isa kaset ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ya saba ɗauka a santimita 180 ya koma 120 bai taɓa mAs ba, ya zuba wa kaset fiye da ninki biyu.

Injin dijital ya kawo matsalar da fim ba shi da ita. Fim in ka cika masa haske zai yi baƙi ya tona maka asiri. Kwamfuta kuwa sai ta gyara hoton ya fito tas, ko da ka ba mutum ninki uku na abin da ya kamata. Ƙarancin haske ne kawai ake gani, hoto ya yi tsaki-tsaki kamar an watsa yashi, saboda haka hannu sai ya riƙa ƙarawa a hankali don gudun sakewa, har ƙarin ya zama al'adar ɗaki. Maganinsa duba lambar da injin ke nunawa bayan kowace ɗauka. A injinan da ke nuna DI, wato lambar da ke faɗin yadda hasken ya kauce wa kima, sifili shi ne daidai, +1 ƙari ne na kusan kashi 26 cikin 100, +3 ninki biyu, -3 rabi. In kullum a +3 kake, jadawalin ɗakinku na bukatar gyara.

Laifin da ba na majiyyaci ba

Girid yana da nisan da aka ƙera shi a kai, a rubuce yake a jikinsa. In ka kauce wa nisan, gefuna biyu za su yi fari. In kan inji ya goce gefe ko girid ya karkace, hoton duka zai dusashe, wani lokaci gefe ɗaya ya fi. In aka kifa shi, tsakiya ce kawai za ta fito.

Kaset ɗin CR, wato mai farantin da ake sawa a na'ura ta karanta hoton, in ya kwana biyu ba a yi aiki da shi ba, a goge shi a inji kafin a ɗauka, domin yana tara hasken da ke yawo a ɗaki, kuma wanda bai gogu sosai ba yana riƙe fatalwar hoton baya. Ɗigon fari da ke fitowa wuri ɗaya a hotunan mutane daban-daban ƙura ce ko ƙwarzane a farantin. Don haka a sa wa kowane kaset lamba, a gane mai laifin nan da nan. Layi fari siriri da ya ratsa hoto daga gefe zuwa gefe kuwa datti ne a cikin na'urar karantawa.

Masu wanke fim har yanzu, lokacin hunturu ne jarrabawarku. Busasshiyar iska tana tara wutar nan da ke ƙyastawa in ka cire rigar leda da dare. Ka fizgi fim daga kwali da sauri, sai ka ga baƙin zane kamar reshen bishiya a kan huhu. Zare shi a hankali. Ƙurar hazo kuma tana shiga kaset ta bar farin ɗigo, sai an riƙa sharewa. Alama kamar jinjirin wata lanƙwasa fim ne da yatsa. Riƙe shi ta kusurwa. Da bazara ruwan wanki na farko yana zafi fiye da kima, fim ya yi duhu ya dusashe. A auna zafinsa kowace safiya. Fim mai fari-fari kamar madara bai daɗe a fiksa ba, wato ruwan wankin da ke tabbatar da hoto, ko fiksar ta mutu, wanda kuma ya koma ruwan ƙasa bayan watanni ba a ɗauraye shi sosai ba. In duk fina-finan ranar sun yi toka-toka har gefen da haske bai taɓa ba, nemi inda haske ke shiga ɗakin duhu, ko jar fitilar da ta tsage, ko kwalin fim da aka ajiye a zafi.

Tsofaffin injina suna jin canjin wuta. Saitin da ya yi daidai da wutar gari yana iya gazawa a kan janareta mai ɗauke da nauyin asibiti duka. Duba ma'aunin wutar injin kafin ka zargi lissafinka.

Hoton gefe, na kan gado, da na yara

Hoton gefe, hagu ake mannawa a allo don zuciya ta kusance shi. Hannaye sama da kai, haɓa a ɗage, baya a miƙe, ma'aunin tsakiya, mAs fiye da na PA. Haƙarƙarin baya na gefe biyu su hau juna, ratar kada ta wuce santimita 1.

Wanda ba zai iya tsayuwa ba, zaunar da shi a miƙe iyakar iyawa, kaset a baya, ka nisanta inji gwargwadon faɗin ɗaki. Sunkuyar da kan inji kaɗan wajen ƙafa har haske ya faɗa daidai a kan ƙashin tsakiyar ƙirji. In ba haka ba ƙasusuwan wuya za su haye sama, haƙarƙari su kwanta, ƙasan huhu ya ɓuya. Kawar da wayoyi da robar iska daga ƙirji. Ga ramammen tsoho, shimfiɗa zane a kan kaset ka gyara fatar baya, domin fatar da ta naɗe tana yin layi kamar huhu ya sace. Sannan rubuta a jikin hoton: AP, wato an ɗauka ta gaba, a zaune ko a kwance, da nisan da ka yi aiki da shi. Da wannan rubutun likita zai san kada ya auna zuciya a kai.

Ƙaramin yaro ba ya bukatar girid, kuma kVp ɗinsa ƙasa yake da na babba. Shirya komai kafin a kawo shi. Uwa ko uba ne zai riƙe, sanye da rigar darma, in uwar ba ta da ciki. Ma'aikaci ba ya riƙe yaro, domin shi kullum yana ɗakin. Hannayen yaro sama a gefen kai, kai a miƙe, don in kai ya juya ƙirji zai bi. Kuka ba matsala ba ne. Bayan kowace tsawa yaro yana jan dogon numfashi, wannan jan kake jira.

Yaushe za a sake?

Sake hoto ƙarin radiyeshan ne, saboda haka ba don kyau ake sakewa ba. Koma kan takardar likita: hoton ya amsa abin da aka tambaya? In saman huhu ya yanke ga mai tarin wata biyu, sake. In bakin allon kafaɗa ne ya ɗan leƙo ga tsohuwar da da kyar ta tsaya, bar shi, rubuta dalili. Kuma kada ka sake sai ka faɗa wa kanka abin da za ka canza.

A ajiye littafi a ɗakin: kwanan wata, irin hoton, lambar kaset, dalilin sakewa. Ba don kama wani ba, in an mai da shi haka kowa zai ɓoye nasa. Ƙarshen wata ku zauna ku ƙirga. In rabin abin da aka sake yanke kusurwar ƙasa ne ga masu faɗin ƙirji, daga gobe a riƙa kwantar musu da kaset.